Daga Ƙirjin Bature Zuwa Cikin Bahaushe: Tarihin Tafiyar Wata Kalma Zuwa Misau

Gabatarwa

A wani hutun ƙarshen shekara da muka je gida Misau, wani ɗan ƙanwarmu da ke shirin rubuta jarrabawar shiga jami'a ya same mu a zaure bayan la'asar, riƙe da ɗan littafin da ya cika da kalmomin Ingilishi waɗanda ya tsinto daga ƙamus. Bayan ya durƙusa ya gaishe mu, sai ya nuna mana wata kalma da ya ja wa layi biyu da jan biro, ya ce, "Kawu, wannan fa? Na duba ma'anarta, amma ban san inda ake sa ta ba." Kalmar ita ce "unbosom", ana furta ta kamar a ce "anbuzam". Muka maimaita masa abin da ƙamus ya riga ya gaya masa, wato mutum ya buɗe wa wani abin da ya daɗe yana ɓoyewa a ransa. Muka ƙara da cewa tsohuwar kalma ce, ko a Ingila ba kasafai ake jin ta a bakin mutane ba, sai dai a littattafai. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To, Kawu, mu ba mu da irinta ke nan?"

Wannan tambaya ita ce musabbabin wannan maƙala. Za mu yi ƙoƙarin bin diddigin abubuwa uku: inda kalmar ta samo asali, da hanyar da harshen Ingilishi da ƙamusoshinsa suka biyo har suka iso Misau, da kuma abin da Bahaushe ya tanada tun kafin zuwansu don sauke nauyin da ke ransa. Manufarmu ita ce mu nuna cewa sanin ma'anar kalma irin wannan abu ne mai sauƙi; abin da ya daɗe yana ba mutane wahala, a Ingila da ƙasar Hausa baki ɗaya, shi ne sanin wanda ya dace a gaya wa.

Asalin Kalmar

Kalmar ta ƙunshi ɓangare biyu. Na biyun, wato "bosom", ma'anarsa ƙirji, kuma yana cikin tsofaffin kalmomin Ingilishi, domin ya haura shekara dubu ana amfani da shi. Ban da ƙirjin kansa, yana kuma nufin wurin da riga ta rufe ƙirji, inda mutanen da suke cusa wasiƙa ko jakar kuɗi don kada a gani. Na farkon kuwa, wato "un", ɗafi ne da ke warware aiki, kamar yadda kwancewa ke warware ɗaurewa. Idan aka haɗa su, sai ma'anar ta zama ciro abu daga ƙirji a ajiye shi a gaban wani.

Kalmar ta fara bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma William Shakespeare (1564–1616) yana cikin waɗanda suka fara amfani da ita, a wasan kwaikwayonsa mai suna Love's Labour's Lost, wanda aka buga a 1598, sunan da za a iya fassara shi da cewa wahalar soyayya ta tashi a banza. A cikin wasan, sarkin wata ƙaramar masarauta da ke tsakanin Faransa da Sifen da fadawansa uku sun yi rantsuwa za su shekara uku suna neman ilimi ba tare da sun kula mata ba. Ba a jima ba sai ga gimbiyar Faransa ta iso da 'yan rakiyarta mata uku, nan take rantsuwa ta bi ruwa. Mazan suka yi shigar mutanen Rasha don su je zance ba a gane su ba. Da labari ya kai ga matan, sai suka rufe fuskokinsu, suka yi musayar kyaututtukan da samarin suka aiko musu, ta yadda kowane namiji zai bi kyautarsa ya faɗa hannun wadda ba tasa ba. A wajen ƙulla wannan dabara ce gimbiyar ta furta kalmar da muke magana a kanta. Haka kuwa aka yi: kowannensu ya zazzage sirrin zuciyarsa a kunnen da bai dace ba, aka mai da su abin dariya.

Ke nan tun tana jaririya kalmar ta zo da gargaɗi a goye. Marubutan ƙagaggun labarai na Ingila sun yi ta amfani da ita a ƙarni na 18 da na 19, daga baya ta ja jiki, har ƙamusoshin zamani suka riƙa yi mata alamar tsohuwar kalma ko kalmar adabi.

Hanyar Ingilishi Zuwa Misau

A watan Janairun 1824 Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka iso Katagum daga Kukawa ta Borno, Sarki Ɗankauwa ya karɓe su. Oudney ya zo ba shi da lafiya, kuma ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, ranar 12 ga watan, Clapperton ya wuce Kano, daga can ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Baƙin ba su bar wa kowa Ingilishi a ƙasar ba, domin da Larabci da taimakon tafinta aka yi hulɗa da su.

Bayan shekara uku, wato a 1827, wannan Ɗankauwa da Sarkin Bauchi Yakubu suka ci garin Misau. Da saɓani ya shiga tsakaninsu a kan wanda zai mallake shi, sai Sarkin Musulmi Bello ya danƙa garin a 1831 ga Mamman Manga, ɗan Gwani Muktar, wanda ya ci Birnin Gazargamu a 1808. Tun daga nan Misau ta zama mahaɗar Fulatanci da Barbarci da Hausa, harshen rubutu kuwa Larabci ne da ajami. A 1903, da Turawa suka ci ƙasar, Sarkin Misau Ahmadu ya bar garin ya bi Sarkin Musulmi Attahiru, wanda aka kashe a yaƙin Burmi a watan Yulin shekarar. Turawa suka sa Misau ƙarƙashin Katagum na ɗan lokaci, suka mai da mata matsayinta a 1907. A 1916 aka mai da fadar Katagum zuwa Azare, a 1926 kuma aka cire yankin daga lardin Kano aka haɗa shi da lardin Bauchi.

Abin lura a nan shi ne irin rigar da Ingilishi ya sanyo ya shigo da ita. Ya zo ne a matsayin harshen Razdan da Di'o, harshen haraji da jangali da ƙidaya da shari'a. Tsakanin Bature da mutanen ƙasa kullum akwai tafinta a tsaye, kuma babu mai hankalin da zai buɗe cikinsa ta bakin tafinta. Saboda haka kalmomin da suka fara ƙetarowa zuwa Hausa su ne irin su ofis da kotu da soja da masinja da sakatare. Abin mamaki, ita wannan ta ƙarshen asalinta a Latin yana nufin mai riƙon sirri, amma da ta iso gare mu sai ta tsaya a kan mai riƙon fayil.

Ƙamusoshi da Makarantu

Ƙamusoshin farko ma an yi su ne domin Bature mai son jin Hausa. J. F. Schön ya fitar da nasa a 1876, C. H. Robinson ya biyo baya a 1899 da 1900. A 1934 G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa mai kalmomi fiye da 39,000, wanda a cikinsa yakan nuna yankin da ya ji kalma, har da ƙasar Katagum. R. C. Abraham ya fitar da nasa a 1949. Sai a 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a Zariya, wanda ya juyo da fuskarsa ga Bahaushe mai koyon Ingilishi. Roxana Ma Newman ta fitar da wani ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa a 1990, sannan a 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun da ke bayyana Hausa da Hausa. Wato sai da aka yi shekara 130 daga ƙamusun Schön kafin wannan aiki ya fito.

Ta ɓangaren makaranta kuwa, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. A makarantun elementare da Hausa ake koyarwa, sai yaro ya kai midil yake haɗuwa da Ingilishi sosai. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibai furta Ingilishi daidai. A can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, ya komo ya koyar a makarantar midil ta Bauchi, wadda ke karɓar yaran lardin. Ta hannun malamai irinsa ne Ingilishi ya tashi daga harshen da ake ji daga bakin Di'o ya zama harshen da yaron Misau ko Azare ko Jama'are ke rubuta insha'i da shi.

A wannan zamani ne kuma aka samu ƙamusoshin da aka tsara musamman domin baƙin harshen. Michael West, wanda ya daɗe yana aikin ilimi a Bengal ta Indiya, ya fitar da nasa tare da abokin aikinsa a 1935, inda suka bayyana kowace kalma da zaɓaɓɓun kalmomi 1,490 kacal. A. S. Hornby ya fara buga nasa a Japan a 1942, kamfanin Oxford ya sake buga shi a 1948, kuma jikokin wannan ƙamus ne ɗalibanmu ke ɗauka har yau. Daga irin waɗannan littattafai ne wata al'ada ta tsiro a makarantun kwana, wato haddar manyan kalmomi. Yaron da ya taso da al'adar hadda tun daga makarantar allo bai ga wata wahala a nan ba: yakan tara kalmomi goma a rana, ya adana su don ranar muhawara ko don wasiƙar da zai aika wa budurwa. Mu ma mun yi, kuma ba za mu ce bai amfane mu ba. Illarsa ita ce kalma takan zo ba tare da danginta ba, ba a san inda aka haife ta ba, ba a san wurin da ya dace a sa ta ba. Ta wannan doguwar hanya ce kalmar gimbiyar Faransa ta biyo, har ta sauka a littafin ɗan ƙanwarmu bayan shekara fiye da 400.

Abin da Bahaushe Ya Tanada

Yanzu sai mu komo ga tambayar yaron. Amsarta ita ce muna da irinta, har ma da rara, sai dai ba wuri ɗaya muka ajiye sirrin da Bature ba. Bature ya sa shi a ƙirji, Balarabe ma haka, kuma duk almajirin da ya yi nisa a karatu ya san yadda ƙirji ke zuwa a Larabci da ma'anar maɓoyar abin da ke rai. Bahaushe kuwa a ciki yake ajiya. Murna farin ciki ce, damuwa baƙin ciki. Wanda tsoro ya kama, cikinsa ya ɗuri ruwa. Wanda ba ya faɗin damuwarsa mai zurfin ciki ne. Wanda ya ji magana ya yi shiru ya bar wa cikinsa. Wanda ke neman ya ji sirrinka da dabara bugun cikinka yake yi. Mutum biyu da ke gaisawa alhali akwai jiƙaƙƙa, ana cewa ta ciki na ciki. Idan kuwa mutum ya gaji da dako ya faɗi komai, sai a ce ya amayar da abin da ke cikinsa, ko ya buɗe cikinsa. Wannan ita ce takwarar kalmar da yaron ya ja wa layi.

Karin maganganunmu sun kasu biyu a kan wannan batu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu iya magana sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sun ce magana zarar bunu ce, sun kuma ce baki shi ke yanka wuya. Su ne dai kuma suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Karin maganar da ta sasanta su ita ce wadda ke cewa abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. A nan Bahaushe ya kai ga darasin da samarin wasan Shakespeare suka koya da kunya: ana faɗi, amma sai an zaɓi kunne.

Al'ada ba ta bar wannan zaɓi ga sa'a ba. Ta hana ta wata ƙofa, ta buɗe wata. Kunya ta shiga tsakanin uba da ɗansa na fari, har ba ya kiran sunansa; ta shiga tsakanin suruki da suruki; a ƙasa irin Misau kuma, inda tarbiyyar Fulani ta kunya da haƙuri ta yi tasiri, mutum ya nuna rauninsa a fili abin aibu ne. Amma wannan al'adar ce ta ba yaro kaka, wadda yake wasa da ita, ya faɗa mata abin da ba zai iya faɗa wa uwarsa ba. Ta ba shi kawu da goggo da abokin wasa. Ta ba namiji amini, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da amana a Larabci, ta ba mace aminiya da ƙawa da ƙanwar rana. Waɗannan ba sunaye ba ne kawai, muƙamai ne masu haƙƙi, kuma babban haƙƙinsu shi ne a ji a rufe.

Lokacin da Sirri Ya Hau Takarda

Akwai mutum biyu a tarihin rubutun Hausa da ya kamata mu tsaya a kansu. Na farko shi ne Dorugu, yaron da aka kama bauta a ƙasar Damagaram, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. A can ya zauna da Schön ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, har da yadda aka raba shi da iyayensa, labarin da ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Ta biyu ita ce Baba, mutuniyar Karo, wadda a tsakanin 1949 da 1950 ta ba Mary Smith labarin aure-aurenta da ƙawayenta da rashin haihuwarta, aka buga shi da Ingilishi a 1954, bayan rasuwarta. Dukansu biyu ga baƙo suka buɗe cikinsu. A ganinmu wannan ba haɗari ba ne. Baƙo ba suruki ba ne, ba ɗan fari ba ne, ba zai kai maganar bakin rijiya ba. Babu kunya tsakaninka da shi.

A ƙagaggun labarai ma haka abin ya fara a hankali. Littafin Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin waɗanda gasar Hukumar Talifi ta 1933 ta haifar a ƙarƙashin Rupert East, an gina shi ne a kan malamin da ya zauna yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa bayan an tambaye shi asalinsa. Sai a 1980, da fitowar So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, sannan da ambaliyar littattafan soyayya na Kano a shekarun da suka biyo baya, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, aka ga saurayi da budurwa suna zayyana abin da ke zuciyarsu da Hausa, baƙi a kan fari. Sukar da aka yi wa waɗannan littattafai a lokacin, wani ɓangarenta a kan wannan ne: sun faɗi a kasuwa abin da aka saba faɗa wa aminiya a ɗaka.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa matasanmu ke rugawa ga Ingilishi idan magana ta zo ga abin da ke rai. Yaron da ba zai iya cewa yana son yarinya ko yana cikin damuwa da Hausa ba, sai ka ji ya faɗa da Ingilishi ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Dalili kuwa shi ne harshen ma baƙo ne, kamar Schön da Mary Smith; ba a yi masa tarbiyya da shi ba, ba a taɓa tsawata masa da shi ba, don haka babu kunya a jikin kalmominsa. Wannan sauƙi ne, ba mu musa ba. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Kakar da za ta iya shiga tsakani ba ta jin harshen, wanda ke jin sa kuwa sau da yawa wani ne a cikin wayar hannu, wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba, kamar dai matan nan da suka rufe fuska a wasan 1598.

Kammalawa

A wannan maƙala mun bi sawun kalma guda daga Ingila ta ƙarni na 16, ta Katagum ta 1824, ta ofishin Di'o da ajin midil da shafukan ƙamus, har zuwa wani zaure a Misau. Mun kuma nuna cewa Hausa tana da takwararta, tana kuma da mutanen da al'ada ta naɗa don saurare.

Saura mu faɗi yadda aka ƙare da ɗan ƙanwarmu. Mun ba shi amsa a ranar a matsayin malamin adabi, muka yi ta kawo masa misalai, ya yi godiya ya tashi. Ba mu lura da abin da karin magana ta ce ba, wato labarin zuciya a tambayi fuska. Sai bayan kwana uku mahaifiyarmu, wato kakarsa, ta kira mu ɗakinta ta ce, "Kai da ake cewa ka yi karatu, yaro ya zo maka da magana ka sallame shi da Turanci?" Ashe karo na uku ke nan zai zauna jarrabawar don neman karatun likita, burin mahaifinsa ne, shi kuwa ransa na ga koyarwa, kuma da yake ɗan fari ne bai ga fuskar da zai tunkari uban ba. Kalmar da ya ja wa layi biyu sallama ce ya yi a ƙofarmu, ba mu amsa ba. Da ya ga haka sai ya tafi inda kakanninsa ke zuwa, ya faɗa wa tsohuwa da Guddirancin da ta rene shi da shi, ita kuma ta san yadda ta bi da surukinta.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai, na Ingilishi da na Hausa, da cewa idan ɗalibi ya kawo baƙuwar kalma, a ba shi ita da tarihinta, a sa shi ya nemo 'yan'uwanta a harshensa, sannan a dubi fuskarsa a ga abin da ya sa ita ya zaɓa. Ɗalibanmu na sashen Hausa kuma, musamman 'yan Misau da Azare da Jama'are, akwai aiki a gabansu: su zauna da tsofaffi su tattara kalmomi da karin maganganun ƙasar Guddiri da suka shafi ciki da zuciya da amana, su rubuta su tun masu su suna raye. Bargery ya yi nasa gwargwadon abin da aka yarda aka gaya wa baƙo. Abin da ya saura, sai ɗan gida.